Makullin da Sitti ta rataya wa Inna Dije

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar kakata Hajiya Rakiya, wadda mu jikokinta 'yan Madina muke ce wa Sitti. A waya nake rubuta wannan, a ɗakin hutun ma'aikata na filin jirgi, tsakanin jirgin masu umara da ya sauka da wanda muke jira, don haka ku yi haƙuri in kun ga ina sauri. Duk shekara in lokacin nan ya zagayo, addu'a nake mata in yi shiru. Bana na kasa shirun, saboda ranar Lahadi mai zuwa zan yi abin da ta ce kada a yi, ko in ce abin da na ɗauka ta ce kada a yi. Kwana uku ke nan abinci ba ya shigar min.

Sunanta aka sa min, shi ya sa ba mai kirana Rakiya a gidanmu. Takwara ake ce min, ita ta fara, kowa ya ɗauka. Shekarata talatin da ɗaya, ina aiki a wajen karɓar alhazai, ni ake turo wa duk tsohuwar da ta sauko ba ta jin komai sai Hausa. Kuma har farkon bana ban taɓa riƙe makullin gida ba. Da gaske nake. In mutum ya dawo gidanmu ƙwanƙwasawa yake, Inna Dije ta zo ta buɗe masa. Ƙawayena sun sha yi min dariya a kan wannan. Dalilin ya girme ni, dole sai na koma baya, zuwa abin da Umma, mahaifiyata, ta gani da idonta tana yarinya.

A shekarun saba'in da tamanin na lissafin Turawa, Sitti da mijinta Malam Idi suna zaune a wani gidan ƙasa a bakin gonakin dabino na Ƙuba. Malam ban ruwa yake yi a gonar wani. Wata shekara bayan aikin hajji, masu shagunan kusa da masallaci suka kawo wa Sitti wata mata da suka ga ta kwana biyu zaune a gindin bango, ba ta magana da kowa, in ta yi ma ba sa ganewa. Suka ce, “Yarenku take yi.” Sitti ta ce a shigo da ita ta ci abinci. Daga cin abincin nan ne gidan ya zama abin da ya zama. Aka ji labari, aka kawo ta biyu, aka kawo ta uku. Ba su taɓa wuce biyar ba, don Sitti ta ce in suka wuce biyar ba za ta san wadda ba ta ci abinci ba. A lokacin, mai taɓin hankali ko dai a ɗaure shi a ƙuryar ɗaki, ko a kai shi babban asibiti can nesa cikin duwatsu, inda ba mai ce masa sannu da Hausa. Yaran unguwa gidan mahaukata suke ce wa gidanmu. Sitti kuwa baƙina take cewa, ko shekara goma mutum ya yi.

Ba malama ba ce, ba ta kuma taɓa cewa ta iya magani ba. Akwai wani likita ɗan Masar da yake leƙowa duk wata, abin da ya rubuta shi take bayarwa. Ba ta ɓoye ƙwaya a cikin abinci. A tafin hannu take nunawa ta ce, “Ga maganinki, ga dabinon da zai raka shi.” Abin da ta yi imani da shi shi ne aiki. Kowace da nata. Wata cire ƙwallon dabino, wata saƙar faifai da ganyen dabinon, wata ba abin da take yi sai korar kaji daga shanya, amma nata ne, ba mai taɓa mata.

Inna Dije ita ce ta huɗu. Daga Damagaram suka zo hajji, ita da mijinta da ɗansu na goye. Zazzaɓi ya ɗauke mijin da yaron a nan Madina, kwana kaɗan tsakani, ayarinsu kuma ya tafi tana kwance ba ta san inda take ba. Da ta tashi, abu ɗaya ya tsaya mata a rai: motar komawa gida tana jiranta a bakin hanya, kuma za a tafi a bar ta. Kullum da safe sai ta ɗaure ƙullin kayanta ta kama hanya, ba takalmi, ba ruwa. Wanda ya san ranar Madina ya san me nake faɗa. Sau uku ana dawo da ita. Na ukun a bayan motar kayan gwari aka kawo ta, leɓenta duk ya tsattsage, Umma ta ce kowa ya ɗauka ta tafi.

Malam ya kawo kafinta aka sa wa ƙofar gida makulli mai ƙarfi, irin na jikin ƙofa. Aka kulle. Inna Dije ta zauna a bakin ƙofar nan da ƙullinta a cinya, ta daina ci, ta daina sha sai an ɗura mata. Kwana huɗu. A na biyar Sitti ta zare makullin daga aljihun Malam, ta zura shi a igiya, ta je ta rataya wa Inna Dije a wuya. Ta ce, “Dije, ni gwiwata ta gaji da tashi-zauna. Daga yau ke ce mai ƙofa. Mai fita ke za ki buɗe masa, mai dawowa ke za ki buɗe masa. In ba kya nan, a waje za mu kwana.” Malam ya dube ta ya ce, “Rakiya, ashe baƙin naki shida ne, har da ke.”

Washegari da hantsi Inna Dije ta buɗe ƙofa, ta fita da ƙullinta, ta juyo ta kulle su duka a ciki, ta tafi.

Umma ta ce Malam ya ɗauko taɓarya zai fasa ƙofar. Sitti ta tsaya a gabansa ta ce ba mai taɓa ƙofar nan. Ta cika masa gora da ruwa, ta jingina tsani a bangon baya, ta ce ya haura ya bi ta daga nesa, kada ya kira ta, kada ya bari ta gan shi, sai in ta faɗi. Dattijo da gemunsa ya haura katangar gidansa, maƙwabta suna kallo. Ya bi ta har bakin babban titi. Ta zauna a inuwar wani bango tana duban motoci, shi ma ya laɓe a bayan wata bishiya. A cikin gida kuwa ɗaya daga cikin matan ta fara kuka tana bugun ƙofa, Sitti ta zaunar da ita ta zuba mata dabino a faifai, ita ma ta zauna suna cire ƙwallo. Umma ta ce dabinon har zubewa yake daga hannun Sitti, amma ba ta tashi ba.

Da aka kira azahar, Malam ya ga Inna Dije ta kai hannu wuyanta. Ta riƙe makullin ta daɗe tana kallo. Sai ya ji ta ce da ƙarfi, “Na bar mutane a kulle.” Ta miƙe ta juyo. Shi kuwa ya yanko ta cikin gonaki da gudu, don Sitti ta ce lalle ta tarar da shi a ciki, ya sake haura katanga, wandonsa ya yage. Inna Dije ta buɗe ƙofa ta same su zaune, ta ce, “Ku ko ruwan zafi ba ku ɗora ba?” Daga ranar ta riƙa fita lokaci-lokaci, amma ba ta sake wuce azahar a waje ba. Daga baya ma ta daina ɗaure ƙullin.

A ƙarshen shekarun tamanin gine-gine suka cinye gefen gonar, aka tashi gidan. Biyu daga cikin matan sun riga sun rasu, biyu danginsu suka ɗauka. Inna Dije ba wanda ya zo nema, Sitti ta taho da ita shiggar da muke ciki yanzu, wato sashenmu na gidan bene a unguwar Sultana, hawa na biyu. Ranar da suka tare, kafin a shigar da katifa, makullin sabon gida ya hau wuyanta. Ni a haka na tashi na gan su: tsofaffi biyu, ɗaya tana faɗa, ɗaya tana buɗe ƙofa. In na dawo makaranta a makare, Inna Dije ba ta buɗewa sai ta tambaya ta bayan ƙofa, “Wace ce?” In ce Takwara ce. Ta ce, “Takwarar da na sani tun ɗazu take dawowa.” Da Sitti ta kwanta ciwon ajali, ba ta yi mana dogon wasiyya ba. Ta ce a riƙe sallah, ta ce, “Kada ku karɓe wa Dije makulli.” Muka riƙe wannan maganar kamar yadda ta fito. Makulli ɗaya, a wuya ɗaya.

Farkon bana abin ya juye mana. Inna Dije ta haura saba'in da yawa yanzu, mantuwa ta haɗu da tsohon ciwon. Wata safiya ina dawam, wato ina bakin aiki, ta buɗe ta fita ta kulle, kamar yadda ta saba in za ta sayo burodi. Sai hanya ta ɓace mata. Umma kuma ta zame a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye, ta ja jiki da ƙyar ta kai ga waya ta kira ni. Na zo na tsaya a bakin ƙofar gidanmu, ina jin nishin uwata a ciki, ba ni da abin buɗewa. Ban san yadda zan kwatanta muku wannan tsayuwar ba. Sai da 'yan kwana-kwana suka zo suka ɓalle ƙofar. Inna Dije kuwa sai bayan la'asar aka same ta, wani mai sayar da lemo ya zaunar da ita a shagonsa, tana riƙe da makulli tana ce masa ta bar mutane a kulle, shi kuma ba ya jin Hausa.

Yayana Mansur, wanda ke zaune da iyalinsa a wata unguwa, bai tsaya shawara ba. Shi Hausa yake ji, Larabci yake amsawa, ranar kuwa ya haɗa duka biyun: “Halas, ya Takwara, magana ta ƙare. Sitti Allah ya ji ƙanta, amma Umma da rai take.” Aka sa sabuwar ƙofa, makulli uku, nasa da nawa da na Umma. Na karɓi nawa, don gaskiyarsa. Tsohon makullin yana nan a wuyan Inna Dije. Kullum da safe sai ta je ta zura shi, ya ƙi juyawa, ta zare ta goge da bakin mayafi ta sake zurawa. Sati biyu da fara haka na shiga ɗakinta na ga ƙulli a kan gado, a ɗaure. Umma ta gan shi ta fashe da kuka, ta ce rabonta da ƙullin nan tun tana budurwa. Abinci kuma sai cokali biyu, uku. Zobenta har faɗowa yake daga yatsa.

Ni dawam ɗina canzawa yake, yau safe gobe yamma. Umma da sandar ƙarfe take tafiya yanzu. Ba wanda zai bi Inna Dije daga nesa da gorar ruwa. Likitanta ya ba mu labarin wani ƙaramin gida da ake kula da mata masu irin larurarta, mutum shida ne a ciki, da ma'aikatan jinya dare da rana, kuma, ikon Allah, a Ƙuba yake. Na je na gani. Tsaf-tsaf, ga sanyi, ga tsakar gida da bishiyar dabino biyu da katanga doguwa. Ƙofar waje da kati ake buɗe ta, katin yana wuyan ma'aikata.

Tun daga ranar nake tambayar kaina me Sitti za ta ce. Na san sanyin zai burge ta, ita da ta yi shekaru tana jiƙa buhu tana ratayawa a taga. Magani a kan lokaci zai burge ta, da mai jinyar da ta san abin da take yi. Na san kuma za ta zagaya ɗakunan, ta ga mata shida a jere gaban talabijin hannuwansu a cinya, ta juyo ta tambayi shugabar, wane aiki kuka ba su? Takardun da na cike sun tambayi nauyin Inna Dije, da magungunanta, da abin da ba ta ci. Ba layin da ya tambayi me take yi wa mutane. Ba laifinsu nake gani ba. Su rai suke tsarewa, kuma ni na tsaya a bayan ƙofa na ji abin da ake ji in ba a tsare ba. Amma tsoron da ke hana ni cin abinci shi ne, za mu kai ta inda ba za ta ɓata ba, ta zauna a bakin ƙofa da ƙulli a cinya kamar wancan karon, kuma wannan karon jikinta ba zai ɗauki kwana huɗu ba.

Na ba shugabar gidan labarin nan duka. Ustaza muke ce mata, 'yar Sudan ce, mai haƙurin sauraro. Ta ce ƙofar waje kam mamnu'i, an hana, doka ce, ba hannunta ba. Amma akwai ƙofar da ke fita daga falo zuwa tsakar gida, mai makulli na da, wadda su suke buɗewa safe da yamma. Za ta iya ba Inna Dije wannan a gwada, da sharaɗin na biyun yana aljihunta. Na dawo gida raina a jagule. Na ce wa Umma wannan ai yaudara ce, na Sitti na gaske ne, makulli ɗaya ne tak, shi ya sa ya yi aiki.

Umma ta yi dariya har sai da ƙugun ya motsa mata ta ce wash. Ta ce, “Takwara, ke da karatunki, kin taɓa ganin an sayar da makulli guda ɗaya?” Ashe ranar da aka kulle su, na biyun yana ƙulle a haɓar zanin Sitti. Malam ya haura katanga sau biyu, ya yage wando, ya rasu bai sani ba. Ta riƙe shi ne don gobara ko wani ya faɗi, kuma shekara da shekaru ba ta taɓa zura shi ba, don ta ce ranar da Dije ta dawo ta ga an buɗe ba da ita ba, ranar aikin ya mutu. Na shiggar nan ma akwai na biyu. Sitti ta damƙa wa Umma shi ta ce kada kowa ya sani. Umma ta ɓoye shi a gwangwanin madara a saman kwaba, inda mai karyayyen ƙugu ba za ta kai ba. Ta ce, “Ni na ɓoye da yawa, ku kuma ba ku taɓa tambaya ba.” Shekara goma sha biyu muna riƙe da rabin wasiyya.

Jiya da safe na kai Inna Dije gidan, a kan shan shayi kawai za mu. Ta tafi da ƙullinta. Ustaza ta kawo makullin a igiya, na fassara mata abin da za ta faɗa, ta faɗa da Hausarta mai karkata. Inna Dije ta auna shi a tafin hannu ta ce, “Mutum nawa ne a ciki?” Na ce shida. Ta bi su da yatsa ɗaya-ɗaya ta ƙirga, ta ƙara da ni da Ustaza. Sannan ta buɗe ƙofar, ta fita tsakar gida da ƙullinta, ta juyo ta kulle mu.

Ta taga muke kallonta. Ta wuce bishiyoyin, ta je ƙofar waje ta tura, ta ƙi. Ta tsaya a wajen, rana tana hawa. Minti biyar, minti goma. Wata daga cikin matan ta fara kai-komo a falo tana gunaguni. Na ga hannun Ustaza ya shiga aljihu. Ban san lokacin da na riƙe mata wuyan hannu ba, ni da ban saba da ita ba. Na ce, “Ustaza, don Allah, minti goma.” Ta dube ni, ta dubi agogo, ta ce goma kawai. Ban saki hannunta ba. A minti na bakwai Inna Dije ta juyo. Ban sani ba ko mu ta tuna, ko rana ce ta dame ta, ba zan yi muku ƙarya ba. Ta sha wahalar samun ramin makullin. Da ta buɗe sai ta zuba min ido ta ce, “Rakiya, kin bar baƙi ba shayi.” Ba wanda ya taɓa kirana da sunan nan a gidanmu. Na tashi na zuba shayin. Ta ci dabino uku. Da za mu tafi ba ta kwance ƙullin ba, amma ta zaro kofinta na silba daga ciki ta ajiye a kan tagar falon.

Kofi ɗaya da dabino uku, iyakar abin da nake da shi ke nan zuwa Lahadi. Mansur ya ce inshallah, Umma ta ce a bar wa Allah, ni kuma ina nan ina duba waya kamar an riga an kai ta.

Tsohon gidan Sitti na Ƙuba babu shi, wajen ajiye motoci ne yanzu, na sha wucewa ban gane gurbin ba. Hoton Sitti ɗaya gare mu, na jikin takardar shaida, fuska a ɗaure. Ba ta bar littafi ba, ba a sa wa komai sunanta ba sai ni. Da na ɗauka makullin wuyan Inna Dije shi ne gadonta. Yanzu na fi ganinsa a ɗayan, na haɓar zani, da zaman nan da ta yi daga hantsi zuwa azahar, abin buɗewa yana jikinta, ba ta tashi ba. Ni minti bakwai na ɗanɗana, na ji kamar raina zai fita. Allah ya ji ƙan Sitti, ya haskaka makwancinta, ya ba waɗanda za su riƙe Inna Dije irin wannan zaman.

An kira jirginmu. In na tashi dawam zan koma Sultana, makullina yana cikin jaka. Saura kwana uku Inna Dije tana gidanmu, don haka yau ma sai na ƙwanƙwasa tukuna, in jira ta ce wace ce, sannan in zura a hankali yadda ba za ta ji ƙarar ba.